Hular mashin ko ta hawan doki? Amsa ga ɗalibinmu mai kilisa

Ƙanena, kai da ka ɗaure dokinka a barga kusa da makaranta kake tambaya ko hular kwanon mashin ɗinka za ta wadatar wajen kilisa: a'a, sayi ta hawan doki. Ko kuɗin sabon linzami ka tanada, juyo da su nan.

Tawa ƙirar Charles Owen ce, ta Birtaniya. Nauyinta wajen rabin kilo ne, tana shan iska, kunnuwa kuma a waje suke, kana jin takun dokin da ke bayanka, kana jin ihun yaran barga idan wani ingarma ya tsinke. Wata safiya da hunturu, ƙasa ta bushe ƙayau, muna tafe a hankali, ko sassarfa ba mu fara ba, iska ta kwaso leda ta manna wa dokina a ƙafa. Ya zabura gefe, sai ga ni a ƙasa, da ƙeya na sauka. Aka duba ni a asibitin makaranta, ba komai sai tsamin jiki. Da na ɗaga kyallen cikin hular, farin soson nan mai tauri ya lotsa daidai inda kaina ya bugu. Aikinsa ke nan, ya murƙushe a madadin ƙoƙon kanka, kuma sau ɗaya tak yake yi. Na jefar da ita na sake sayo irinta, ban ko nemi ragi ba.

Ta mashin kuwa, to, ta fi babu. Mai rufe haɓa takan kai kilo ɗaya da rabi, duk a wuyanka yayin da doki ke jijjiga ka. Tana toshe kunne, tana tare maka ganin ƙasa da wuyan doki, ga zafin watan Maris. Don kwalta aka yi ta. Ta doki ita ce ake gwadawa a kan faɗuwa daga sama da bugun abu mai kaifi irin gefen kofato, domin kan mahayi yakan kai mita biyu da rabi daga ƙasa.

Na san za a ce maka ai kilisa ce kawai, ba sukuwa ba, kakanninmu da rawani suka hau. Courtney King-Dye ta wakilci Amurka a wasan dawaki a gasar Olamfik ta 2008. A watan Maris na 2010 tana horar da doki ba hula, ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita, ta yi makonni ba ta farfaɗo ba. Tun farkon 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta wajabta hula ga mahaya a gasanninta. Rawani kuma a bar shi sai ranar hawan Sallah.

Abin da ba ka tambaya ba: masu sayarwa. Akwai masu kawo gwanjo su goge ta da mai tana ƙyalli, su rantse maka sau ɗaya aka sa ta. Wadda aka faɗi da ita ba a ganewa daga waje, don haka kada ka sayi ta hannu ko a rabin kuɗi. Wasu hular keke suke miƙo maka, wasu kuma baƙar hular karammiski ta kwalliya mai igiyar roba, ba soso a ciki. Juya ta ka karanta tambarin gwajin inganci da ke ciki: ASTM F1163 tare da alamar SEI, ko PAS 015, ko VG1. Duba ranar ƙira, don masu yin ta kan ce a canza bayan kamar shekara 5. Wanda ya ce tambarin ya ɓare a hanya, yi masa sallama.

Auna kanka da tef ɗin tela, ɗan sama da gira, ka tafi da lambar. Ka sa ta, ka ɗaure igiyar haɓa, ka girgiza kai. In ta yi lilo ba taka ba ce. Kada ka riƙa barin ta a but ɗin mota cikin rana. Kuma don Allah daina hawa da silifas, nemi takalmi mai ɗan dunduniya kada ƙafarka ta zurma cikin likkafa doki ya ja ka a ƙasa.