Wata shida da rautar layin waya a gidan hayarmu na Idi-Araba

Mu huɗu ne muka taho Legas daga Zariya a watan Afrilun 2025 domin horon sanin makamar aiki na wata shida da ake kira SIWES, wanda hukumar ITF mai horar da ma'aikatan masana'antu ke kula da shi, kuma muka yi sa'ar samun wani ɗan kasuwa ɗan garinmu da ya bar mana ragowar wa'adin hayarsa a wani gida mai ɗakuna biyu da falo a Idi-Araba, ba nisa da asibitin koyarwa na LUTH. Duk wanda ya san Legas ya san masu gidaje ba sa sauraron maganar hayar wata shida. Kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya, ban da na dillali da na yarjejeniya. Mun ɗauka da samun makwanci wahala ta ƙare, ashe masu sayar da intanet na gida ma halinsu ɗaya da masu gidajen, domin mazaunin dindindin suka fi yi wa tanadi.

Biyu daga cikinmu kamfanonin manhaja da ke Yaba ne suka karɓe su, kuma a wasu ranakun daga gida suke aiki, saboda haka datar wayar kowa ba za ta ɗauke mu ba, balle ma a watan Janairun shekarar hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Da farko hankalinmu ya karkata ga faiba, wato igiyar intanet da ake jawowa har cikin gida, irin wadda FiberOne da ipNX ke ja a unguwanni da dama na Legas, domin ita ce ta fi tsayuwa da ƙafafunta. To amma sai an biya kuɗin haɗawa, an jawo waya daga kan titi, an huda bango, sannan ranar tashi a bar komai a nan. Da muka aika wa Baba mai gida ta hannun mai kula da gidan, amsar da ta dawo ita ce ba wanda zai taɓa masa bango saboda baƙin wata shida, kuma ni dai ban ga laifinsa ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, mun duba kuɗin kayansa muka rufe zancen.

Abin da ya rage shi ne rauta mai ɗaukar layin waya, wato na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutoci ta Wi-Fi, wadda ba ta buƙatar komai sai soket. Kafin mu sayi komai, babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya hana mu gaggawa. Ya sa muka tara layukan MTN da Airtel da Glo da 9mobile da ke wayoyinmu, muka riƙa gwada su ɗaki bayan ɗaki har kwana uku, musamman tsakanin ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da mutanen unguwa suka dawo gida kowa ya hau waya. Wannan gwajin ne ya fi kowace talla amfani a gare mu, domin layin da ke gudu kamar ruwa da hantsi mun gan shi yana rarrafe bayan sallar isha'i. Ba zan faɗi kamfanin da muka zaɓa ba, saboda sabis a Legas yakan bambanta daga wannan titi zuwa na bayansa, kuma abin da ya yi mana a ƙasan bene a Idi-Araba ba lallai ya yi wa ɗalibin da ke Akoka ko Ojo ba. Rautar 4G muka saya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, wadda ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya ba, aka yi rajistar sabon layi da lambar NIN tawa, muka raba kuɗin gida huɗu.

Makonni biyun farko ba mu da abin cewa. Taron bidiyo na Zoom yana tafiya ba yankewa, kwamfutoci huɗu da wayoyi shida suna kai a lokaci guda. A rana ta goma sha bakwai ne gudun ya faɗi warwas, har buɗe saƙon imel ya zama aiki. Mun shafe kwana biyu muna kiran masu kula da abokan ciniki kafin wata ma'aikaciya ta bayyana mana cewa tsarin da aka tallata a matsayin marar iyaka yana da iyaka: idan aka cinye wani adadi na giga, sai a rage gudun har ƙarshen wata. Sharaɗin yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, mu ne ba mu karanta ba, amma duk da haka ina ganin bai dace a kira abu marar iyaka alhali an san inda ya tsaya ba. Wannan shi ne babban abin da na riƙe wa kamfanin.

Da muka shiga shafin sarrafa rautar domin ganin inda datar ta tafi, sai muka tarar da na'urori goma sha tara a kanta. Ashe ɗayanmu ya kasa hana wani maƙwabci da ya ce masa, "Malam, don Allah a taimaka mini da lambar sirrin, saƙo ɗaya zan tura," daga nan kuma lambar ta zaga gidan har shagon mai shayi. Kunya ba za ta bari ka kalli dattijon da kuke sallah sahu ɗaya ka ce masa a'a ba, shi ya sa Yaya ya saita rautar ta yadda na'urorin da muka yi wa rajista kaɗai take karɓa, ko da mutum yana da lambar. Mun kuma hana kwamfutocinmu sabunta Windows da kansu, muka amince cewa ƙwallon ƙarshen mako a gidan kallo za a riƙa ganinta. Tun daga nan ba mu sake cinye kasonmu kafin kwana ashirin da bakwai ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Idan an ɗauke wuta rauta takan mutu nan take, sai muka sayi ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12 da ke riƙe ta sa'o'i da dama. Bangon gidan na bulo ne mai kauri, don haka muka ɗora ta a kan kabad kusa da tagar falo, muka bar ɗaki na ciki a kan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, wanda ya fi na 5 GHz ratsa bango ko da yake bai kai shi gudu ba. A ruwan Yuni da Yuli sabis yakan yi rauni, amma bai taɓa ɗaukewa yini guda ba.

Ga ɗalibai uku zuwa biyar da za su zauna wata uku ko shida, ina ganin wannan hanya ta biya kuɗinta, matuƙar an yi gwajin dare kafin saye kuma an tambayi adadin gigar da ake rage gudu a kansa. Wanda aikinsa ɗora manyan bidiyo ne kullum, gara ya nemi gidan da aka riga aka ja wa faiba. A ƙarshen Satumba mun sayar wa wasu ɗalibai 'yan Kano da suka gaje mu rautar da batirin, aka raba kuɗin gida huɗu kamar yadda aka haɗa. Layin kuwa na cire shi na taho da shi Zariya, tun da sunana da lambar NIN tawa ke kansa.