Fentin feshi a kan kujerun ƙarfe: abin da na gani bayan wata takwas

Kujerun ƙarfe huɗu ne da ƙaramin teburi da nake ajiyewa a waje, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Tsatsa ta ci ƙafafunsu, musamman wajen walda, har tsohon fentin yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Bara na gwada wani gwangwani mai arha, na fesa kai tsaye ba tare da na kankare komai ba. Ko sati uku ba a yi ba tsatsar ta ɓullo ta ƙarƙashi kamar ƙuraje. Wani abokina mai fentin mota da ya ga kujerun sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai ba a sa wa ƙarfe riga sai an yi masa wanka."

Wannan karon na sayi fentin feshi na kamfanin Rust-Oleum. Gwangwani biyu na furaima, wato fentin shimfiɗa, na ɗauki ja mai duhun nan da aka yi don ƙarfen da tsatsa ta riga ta kama, sai baƙin fenti gwangwani uku. Kamfanin ya samo asali ne a Amurka a 1921, bayan wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Robert Fergusson ya lura cewa inda man kifi ya zube a kan ƙarfen jirgi, tsatsa ba ta ci gaba da yaɗuwa. Duk da haka, sunan kamfani bai ɗauke mini aikin hannu ba.

Kwana biyu cur na yi ina gyaran ƙarfen kafin in taɓa gwangwani. Na fara da burushin waya na kakkaɓe duk tsatsar da ta saki, sannan sanfefa mai kaushi, lamba 80, a wuraren da suka yi muni, na bi da lamba 220 don fuskar ta yi santsi. Daga nan na jiƙa tsumma da tina, wato sinadarin tsinka fenti, na goge ko'ina. Tsumman farko ya fito baƙi ƙirin, maiƙon hannu da ƙura da ido bai gani ba. Da a ce na fesa a kan wannan dattin, ko wane irin fenti ne sai ya tashi.

Feshin kansa ya yi mini daɗi. Na girgiza gwangwanin minti ɗaya bayan ƙwallon cikinsa ya fara ƙara, na tsaya kimanin santimita 30 daga ƙarfen, ina fara dannawa kafin hannuna ya kai kan kujerar, in saki bayan ya wuce. Fentin yana fita siriri, bai yi tartsatsi ba, bakin feshin kuma bai toshe mini ba. Shafi na farko ya zama kamar hazo, ana ganin ƙarfen ta ciki, zuciya ta yi ta raya mini in ƙara. Na daure. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin ne yake dalala ya bushe da hawaye a jikin ƙafar kujera.

Kuskure ɗaya na yi, kuma laifina ne, domin a rubuce yake a jikin gwangwanin: ƙarin shafi ko dai cikin awa ɗaya, ko kuma bayan awa 48. Washegari da safe na ga wani wuri a bayan kujera ɗaya bai rufu sosai ba, na ƙara masa. Cikin minti kaɗan wurin ya yamutse kamar fatar hannun da ta daɗe a ruwa. Abin da ya faru shi ne sinadarin sabon fentin ya narkar da na ƙasa wanda samansa kawai ya bushe. Sai da na jira, na sake gogewa, na faro daga furaima.

Wanda zai saya ya duba irin ƙarfensa tukuna. Wannan fentin ba na ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya ba ne, irin na kwanon rufi, domin fenti mai mai ba ya jituwa da tutiya, ɓarewa yake yi. Alminiyom ma da nasa furaima. Abin da zai yi zafi sosai, kamar murhu ko bututun hayaƙi, sai fentin da aka yi don zafi. Takunkumin ƙura kuma ba ya tare warin sinadarin. A nemi mai matatar iska, a yi aikin a fili, nesa da wuta.

Yau wata takwas ke nan. Baƙin yana nan da ƙyallinsa, wajen waldar da na fi jin tsoro bai nuna ja ko ɗigo ba. Inda kawai tsatsa ta leƙo shi ne ƙasan ƙafafu biyu, inda ake jan kujerar a kan siminti fentin ya goge. Na taɓa wurin da sauran furaima, na kuma sa wa ƙafafun duka murfin roba.