Garejin masu kafireta a Kurmin Mashi: aikinsu kan a-kori-kura mai shan mai

Daga cikin garejojin da ke Kurmin Mashi a Kaduna akwai wani da ya ƙware kan tsofaffin motoci masu kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, musamman Peugeot 504 a-kori-kura, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, da tsohuwar Hilux. Yawancin masu kai mota can kukansu ɗaya ne: baƙin hayaki a salansa, warin ɗanyen fetur, tanki yana ƙarewa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya bisa nauyi. Mai ya yi yawa ko iska ta ragu, sai wani ya fita bai ƙone ba.

Abin da ya bambanta makanikan garejin shi ne ba sa fara taɓa sukurun kafireta. Fulogi suke fara kwancewa, duka huɗun, su jera su a kan tsumma bisa tsarin silinda. Baƙin da ya bushe kamar kunkunniya, wanda yatsa ke sharewa, yawan fetur ne. Mai danshi da maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, wannan matsalar ringin fistin ce, hayaƙinsa ma shuɗi yake yi. In fulogi ɗaya kaɗai ya yi baƙi, wayarsa da wuta suke bi, domin kafireta ba ta zaɓar silinda.

Daga nan sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, sai cok, wato murfin da ke rage iska idan inji na da sanyi. Sau da yawa wayar cok ce ta cije, murfin ya tsaya rabi a rufe bayan inji ya yi zafi.

Inda suka fi nuna sanin aiki shi ne kwanon mai na kafireta. A ciki akwai fulot, wanda ke yawo a saman mai, da allurar da ke rufe hanya in mai ya cika. Fulot na tagulla sukan girgiza shi kusa da kunne. In an ji ruwa yana motsi a ciki, ya huje, ya nutse ke nan, mai kuma zai ta kwarara. Allura in ta ci, za a ga zobe a tsininta. Suna kuma tambayar wane famfon mai ne a motar, tambayar da wasu ba sa yi. Kafireta matsi kaɗan take so, wajen psi 3 zuwa 4 (psi ma'aunin matsi ne). Wanda aka ɗaura wa famfon lantarki na motar injekta, mai tura psi 40, babu allurar da za ta riƙe masa mai. In famfon asali ne, suna zaro sandar gwajin baƙin mai su shinshina, saboda robar cikin famfon in ta yage fetur yakan sauka cikin inji ya tsinka baƙin man. Wannan ba abin jinkiri ba ne, a ranar ya kamata a juye.

Jet kuwa, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta, da iska suke hura shi, ba sa zura masa waya. Waya tana faɗaɗa ramin, kuma jet da ya faɗaɗa sai dai a canza. Sukurun daidaita mai shi ne na ƙarshe, bayan an gyara taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, inji da zafinsa, silo yana wajen juyi 800 zuwa 900 a minti ɗaya.

Akwai inda suka gaza. Ba su da na'urar auna hayaƙi, da kunne da launin fulogi suke aiki, don haka sai mota ta yi 'yan kwanaki a hanya a dawo a sake dubawa. Kayan gyara kuma daga Panteka ake sayowa, kuma ba kowace allura ce ke zama daidai ba. Gara mai mota ya tafi da tsohuwar a hannu a gwada. Ba sa kuma matsa wa mutane su mayar da tamostat, mai daidaita zafin inji, da aka cire, alhali injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai. Wanda motarsa ba ta da shi, ya ce a saka masa kafin a taɓa sukuru.