Katunan sinima takwas da hoto guda na jabu

Wata uku ke nan da kayana suka iso daga wani dillalin tsofaffin fostocin fim a Amurka, yanzu zan iya faɗin yadda muka kwashe. Na sayi cikakken jerin katunan The Big Heat, fim ɗin ɗan sanda da miyagun gari wanda Fritz Lang ya ba da umarni a 1953, sai hoto ɗaya na Gloria Grahame, 'yar wasan da ta fito a cikinsa.

Irin katunan nan su ake kafawa a zauren sinima don jawo 'yan kallo. Takwas-takwas suke zuwa, kowanne inci 11 da 14. Fim ɗin baƙi da fari ne, amma katunan an shafa musu launi, har fuskar jarumin fim ɗin, Glenn Ford, ta yi ja kamar wanda ya yini a rana. Wannan launin ne ya ja ni tun farko.

Ta fannin katunan, dillalin ya cika alkawari. Ya sa kowanne a leda, ya matse su tsakanin kwali biyu masu kauri, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. A gefen ƙasa akwai lambar National Screen Service, kamfanin da ke raba wa gidajen sinima kayan talla a wancan zamani. Lambar ta fara da 53, wato shekarar fim ɗin, kuma babu harafin R a gabanta, wanda ake sakawa idan sake fito da fim aka yi daga baya. Uku suna da hudar ƙusa a kusurwoyi. Ni ban ɗauke ta aibi ba, shaida ce cewa sun taɓa bango.

Hoton ne ya ɓata mini rai. Inci 8 da 10 ne kamar yadda ya kamata, sai dai farinsa ya yi yawa, kuma bayansa fes, ba hatimi ba rubutu. Na kai shi wurin wani abokina ɗan canji a Wapa, muka haska shi da fitilar duba jabun kuɗi. Nan take ya ɗau shuɗin ƙyalli. Sai wajen tsakiyar shekarun 1950 aka fara zuba wa takardar hoto sinadarin da ke sa wannan ƙyallin, ga kuma takardar sumul kamar ta jiya. Abokina ya yi dariya ya ce, "Malam, da dala ce da tuni na kira maka 'yan sanda."

Na rubuta wa dillalin. Sai da ya kwana tara kafin ya amsa, ya ce shi ma a haka ya saye shi, ya mayar mini da kuɗin hoton ban da na aikowa. Zan sake sayen kati a wurinsa, amma hoto sai ya fara turo mini bayansa na gani.

Katunan suna cikin akwati yanzu, nesa da taga, saboda damina ta kusa.