Wata tara da akwatin NAS a madaba'armu

Kwamfuta shida gare mu a madaba'armu da ke Zango, kuma a da kowacce da nata tarkacen. Zane-zane suna wajen mai zane, lissafi yana wajen akawu, sauran kuma suna yawo a kile, wato 'yar ma'ajiyar USB, daga aljihu zuwa aljihu. Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da wani Alhaji daga Birni ya aiko a ƙara masa katin auren 'yarsa. Muka tarar da fayil uku masu suna ɗaya, muka buga wanda ba a gyara wa kwanan wata ba. Kati 300 suka tafi shara. "Haba Malam, bikin zan ɗaga saboda ku?" Ban sami bakin amsawa ba.

Hanya uku muka auna don tara fayilolinmu wuri guda. Ma'ajiyar intanet irin su Google Drive ta faɗi tun da wuri, don fayil ɗaya na allon talla yakan haura gigabait guda, kuma layinmu ba ya ɗaukar wannan dakon kullum. Akwai TrueNAS, manhaja ce kyauta da ake ɗora wa tsohuwar kwamfuta, amma tana son mai zama kanta, ni kuwa injin buga takarda ma ya ishe ni reno. Sai muka tsaya kan akwatin NAS, wato na'urar ajiyar fayiloli da duk kwamfutocin shago ke haɗuwa da ita, na kamfanin Synology, ƙirar Taiwan, mai gurbin faifan ajiya huɗu.

Faifai huɗu masu terabait 4 muka zuba, a tsarin RAID 5. Ke nan 16 a takarda, amma 12 ne naka, domin daidai da faifai guda yana tafiya wajen lissafin da zai ceto ka idan ɗaya ya mutu. Na ji zafin wannan ragi ranar saye, yanzu kuwa ban ƙara tada maganar ba. Ta wayar gigabit muna kwafe kusan megabait 110 a daƙiƙa, mai zane yana buɗe aikinsa kai tsaye daga akwatin. Kowa da tasa ƙofar: yaran shago ba sa ganin lissafi, akawu ba ta iya taɓa zane.

Abin da ya fi burge ni shi ne hoton ma'ajiya da akwatin yake ɗauka duk awa, wato yana adana yadda fayiloli suke a wannan lokacin. Wani yaronmu ya share jakar kalandar wani ɗan kasuwar Dole gaba ɗaya, ya zo jiki na rawa yana "Maigida, na yi ɓarna". Kafin shayina ya huce na mayar da ita yadda take da safe.

Wahalar kuwa ta garinmu ce. Na ajiye akwatin a ɗan lungu marar iska, laifina ne wannan. Hunturu ya cika masa fanka da ƙura, bazara ta zo da zafinta mai haura digiri 40, a watan Afrilu faifai guda ya ce ga garinku nan. Aiki bai tsaya ba, amma sake gina sabon ya cinye kusan yini da kwana, kuma a wannan tsakanin da wani ya sake mutuwa, da komai ya tafi. Ranar ban yi barcin kirki ba, ina addu'ar kada a ɗauke wuta fiye da ƙarfin batirin da muka haɗa masa.

Tun daga nan na mayar da shi ɗakin akawu mai sanyi, ina hure masa ƙura duk Asabar. Na kuma sayi wani faifan waje da nake kwafe komai a ciki ranar Alhamis in tafi da shi gida, don gobara ko ɓarawo ba ruwansu da RAID. Uwargida ta ba shi wuri a cikin akwatin zannuwanta.