Resilin ɗin Filifin a YouTube: abin da mai kallo daga Jidda ko Riyad zai tarar

Tun 2018 da WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, ta fara kawo manyan wasanninta Saudiyya, Greatest Royal Rumble a Jidda cikin watan Afrilu, Crown Jewel a Riyad cikin Nuwamba, idon matasanmu ya saba da resilin mai tartsatsin wuta da manyan allunan bango da kyamarori ta kowace kusurwa. Wanda ya saba da wannan, idan ya buɗe bidiyon ƙananan kamfanonin resilin na Filifin, zai iya rufewa kafin a buga ƙararrawa. Ya yi asara kuwa. A ganina, duk mai son ya gane yadda ake gina wasa tun daga riƙon farko har faɗuwar ƙarshe, a irin waɗannan ƙananan zauruka zai gani ƙuru-ƙuru, domin babu kayan ado da za su rufa wa ɗan wasa asiri.

Sunaye biyu ya kamata a fara nema. Na farko Philippine Wrestling Revolution, wato PWR, wadda ta fara wasanninta a 2014 a yankin Manila. Babban wasanta na shekara a wancan zamani shi ne Wrevolution X, sannan akwai Renaissance da Vendetta da Path of Gold. Na biyu Manila Wrestling Federation, MWF. Ita ta fi karkata ga labari, tana ɗauko 'yan wasanta daga rayuwar titin Manila, tana ƙulla rigimarsu kashi-kashi irin na fim mai dogon zango. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da wasannin gaban jama'a, bayanta kuma aka samu sauye-sauye da sababbin kamfanoni irin su Filipino Pro Wrestling. Saboda haka sabon mai kallo ya fara da bidiyoyin 2017 zuwa 2019, lokacin da PWR ke wasa kusan kowane wata kuma labaran suna da kai da gindi.

Cikin 'yan wasa, Jake De Leon ne ƙofar shiga. Yana fitowa a matsayin ɗan mai gonakin rake daga birnin Bacolod, kuma salonsa biyu na gama wasa sanannu ne, Alipin Drop da Inasal Lock. Ba tsallensa ne abin kallo ba. A lura da yadda yake nuna ciwo: idan aka bugi ƙafarsa a minti na uku, zai ci gaba da ɗingishi har minti na goma sha biyar, kuma ƙafar nan ce za ta ci amanarsa sa'ad da ya zo ɗaga abokin karawa. Wannan shi ne aikin, kuma da yawa daga waɗanda suka fi shi suna ba sa riƙe shi haka. Crystal ita ce fitacciya a ɓangaren mata, ta yi wasa a ƙasashen maƙwabta. Robin Sane na MWF kuwa ɗan sama ne, mai juyi daga saman igiya. Akwai kuma Chris Panzer, Quatro, Ralph Imabayashi, Ken Warren da Mike Madrigal. Wanda yake son fuskar da ya sani ya nemi wasan PWR Homecoming na 2019, inda TJ Perkins, wanda ya ci gasar Cruiserweight Classic ta WWE a 2016, da Jeff Cobb suka je Manila. Dukansu suna da jinin Filifin, kamar Batista na WWE.

Dokokin ba su bambanta da waɗanda aka sani ba. Kafaɗu biyu a ƙasa, alƙali ya ƙirga uku, wasa ya ƙare. Wanda aka maƙure in ya taɓa igiya, ana ƙirga biyar a sake shi. Jarumi da bos ma suna nan, ihun 'yan kallo zai nuna maka waye wane cikin daƙiƙa kaɗan ko da ba ka jin yaren.

Inda bambancin yake shi ne dandalin kansa. Ƙarfe ne a ƙasa, a jera katako a kai, a shimfiɗa soso marar kauri, a rufe da tamfol, a ja igiyoyi uku a ɗaure su a turaku huɗu. Na WWE ƙafa 20 ne kowane gefe, ƙananan kamfanoni kuwa galibi 16 ko 18 suke amfani da shi. Ragin ƙafa biyu ko huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne. Taku yana raguwa tsakanin igiya da igiya, wasa yana ƙara sauri, amma lokacin gyara kuskure yana ƙanƙancewa. Daga nan ake samun yawancin tangarɗar da za ka gani. Idan igiya ta saki saboda an daɗe ana wasa ba a ƙara mata ɗauri ba, mai taka ta don ya yi tsalle zai zame. Idan mai tarbar wanda ya diro waje ya tsaya nesa da taku ɗaya, mai dirowar zai sauka a kan siminti, ga kujerun 'yan kallo dab da dandali. Sannan yawancin 'yan wasan suna da aikin da suke ci da shi a ranakun mako, atisaye sai an samu sarari. Mutum biyu da ba sa haɗuwa kullum dole wani lokaci ɗaya ya riga ɗaya motsi. Wasannin buɗe fage su suka fi fama da wannan, domin nan ake saka sababbin hannu. Kada a yanke wa kamfani hukunci da su. A tsallaka zuwa wasa biyu na ƙarshe.

Ta fuskar hoto da sauti, gaskiya akwai aiki. Tsofaffin bidiyoyin suna da duhu a kusurwoyi, wani lokaci mai kyamarar hannu yana rasa muhimmin bugu saboda alƙali ya tare shi. Sauti ya fi damuwa: makirufon zaure yana amsa kuwwa, jawabin ɗan wasa ya narke cikin ihu. Abin sawa a kunne yana rage matsalar sosai, ya fi lasifikar waya nesa ba kusa ba. Masu sharhi da 'yan wasa suna gauraya Turanci da Tagalog, harshen mutanen Manila, a jimla ɗaya, kuma fassarar da YouTube ke yi da kansa tana rikicewa da zarar an sauya harshe. A nan mazauna Saudiyya sun fi waɗanda muka baro gida sa'a. Da wuya ka yi aiki a asibiti ko gareji ko gidan abinci a Jidda ko Riyad ba ka da abokin aiki ɗan Filifin, kasuwar Batha ta Riyad ma cike take da su. Tura masa jawabin minti biyu ya fassara maka, labarin wata uku zai warware.

Babban aibin hidimar shi ne rashin tsari. Ba kowane wasa aka ɗora cikakke ba. Wani guntu ne, wani an yanko ƙarshensa kawai, wani kuma taken bidiyon ya riga ya faɗa maka wanda ya ci bel. Hanyar da ta fi: ka rubuta sunan kamfani da sunan wasa da shekara a wurin bincike, misali PWR Wrevolution X 2019, ka shiga shafin kamfanin kansa, ka jera bidiyoyin daga mafi tsufa. Ka guji karanta ra'ayoyin da ke ƙasa kafin ka gama kallo. Batun data, awa ɗaya a 480p tana cin wajen rabin giga ko sama kaɗan, 720p kuwa tana iya haura giga ɗaya. Tunda asalin hoton tsofaffin bidiyoyin ba mai kaifi ba ne, 480p ya isa a waya. Mai layin STC ko Mobily ko Zain da datarsa ke da iyaka ya bar 720p sai ya samu wayifai ɗin masauki.

Ga magidanta, wannan ba abin da za a kunna a falo a tafi a bar yara da shi ba ne. Shigar matan ba irin wadda aka gani a Riyad a 2019 ba ce, lokacin da Natalya da Lacey Evans suka yi wasa jikinsu a rufe. 'Yan kallon Manila suna da baki, ashar yana fitowa cikin waƙoƙinsu. Wasannin bel ɗin All Out War na PWR kuma na kujeru da sanduna ne. Uba ya fara kallo shi kaɗai, ya ware wanda ya dace. Ya kuma gaya wa yaro cewa faɗuwar nan koyonta ake yi wata da watanni: haɓa a manne da ƙirji, a sauka da faɗin baya, a buga hannuwa biyu a ƙasa lokaci guda don nauyi ya bazu. An tsara wanda zai ci, amma katakon na gaske ne, tayil ɗin ɗakunanmu kuwa ko ɗan lotsawar da katako ke yi ba ya yi.

Wanda ya kai ga son kallon sabon wasa kai tsaye ya riƙe lissafin lokaci. Manila tana gaban Saudiyya da awa biyar, wasan ƙarfe biyu na rana a can ƙarfe tara na safe ne a nan, na bakwai na dare kuma ƙarfe biyu na rana. In ya faɗo Lahadi, ranar aiki ce a wurinmu, sai a haƙura da maimaici bayan isha'i, a kashe sanarwar shafin kamfanin a Facebook har zuwa lokacin.