Akori-kura ta hannu: wadda zan saya, da murfi biyun da nake buɗewa kafin a yi maganar kuɗi

Ƙanin matata ne ya jawo wannan rubutu. Ya sayar da waken suyarsa, ya haɗa da 'yan kuɗin da yake ajiyewa, yana son motar da za ta kai masa taki gona da damina, ta kwaso buhuna zuwa Dawanau da kaka. Ya turo mini hotuna huɗu ta WhatsApp, Hilux da Navara da L200 da Ranger, duk na hannu, duk suna sheƙi, ya ce: "Yaya, wacce zan ɗauka?" Na ce masa wannan cinikin biri ne a sama. Abin da nake son gani ba ya fitowa a hoto, yana ƙarƙashin bonet.

Amma tunda ya tambaya, ba zan ɓoye ba. Ni ɗan Hilux ne, kuma a cikinsu ma wadda ake kira Vigo, wato ƙirar da Toyota ta fara a 2004 ta ci gaba da yi har 2015, mai injin fetur 2.7 da giyar hannu. Sunan injin 2TR-FE, za ka gan shi a rubuce a takardar da ke manne a jikin motar. Gangar jikinsa ƙarfe ce zalla, sarƙa ce ke juya shi maimakon bel, ba turbo, ba wani tarkacen da zai sa bakanike ya tsaya yana sosa ƙeya. Yana shan mai, wannan ba gardama, kuma in ka loda masa buhu goma sha biyar ka doshi hawa sai ka yi haƙuri da shi. Sai dai duk garin da ka tsaya, daga Illela zuwa Mubi, akwai yaron gareji da ya taɓa kwance irinsa ya mayar, kayan gyaransa kuma a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ba sai an yi maka odarsu ba. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni sun sayi irinta da yawa, shi ya sa take yawan fitowa a gwanjo. Masu dizal ɗinta, 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0, sun fi ja kuma sun fi tattalin mai, amma nozul ɗinsu ba ya yafe gurɓataccen gas, ga bel da ake canjawa a kilomita 150,000 wanda in ya tsinke ya tafi da injin. In dizal kake so dole, nemi mai 5L-E, tsohon yayi mara turbo. Revo da ta biyo baya a 2015 mota ce mai kyau, kuɗinta ne ba na mai waken suya ba.

Sauran fa? Navara ta 2005 zuwa sama ta fi daɗin zama, amma sarƙar injinta na dizal ta yi ƙaurin suna. L200 mai injin 4D56 in ta ɗau zafi sau ɗaya kan injin kan tsage, ni kuwa da zafi ba ma shiri. Ranger tana da ƙarfi da kyan gani, sai dai kwamfuta ta yi mata yawa ga mai shiga daji. D-Max ba ni da abin zarginta illa wahalar kayan gyara a wajenmu. Tacoma ta Amurka kuwa ka shiga ƙarƙashinta da guduma, domin tsatsar shasi ta taɓa sa Toyota da kanta ta sayi wasu tsofaffi daga hannun masu su a 2008. Fijo 504 ta Kaduna, Allah ya jiƙan maza.

To, amma suna ba ya hana mota tafasa. Motata ta farko na saye ta ne da yammacin wata Juma'a, bayan La'asar, dillali yana ta "Alhaji ka ji inji kamar agogo". Na ji inji, na duba taya, na kunna rediyo, na biya. Kwana tara bayan nan, da lodin masara tsakanin Funtuwa da Zariya, sai na ji ƙauri, sai hayaƙi fari ta gefen bonet, allurar zafi kuwa tana kwance abinta kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Ashe an zare wayarta. Da aka buɗe, gasket ɗin kan inji ya ƙone, top, wato kan injin kansa, ya lanƙwashe, cikin lagireton kuma wani abu ne kamar kunun kanwa. Kuɗin gyaran ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar, masarar ta kwana biyu a bakin titi ina gadinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga ranar ba na zuwa ganin mota sai da sassafe.

Dalilin sassafen shi ne sai inji ya kwana ya huce sannan yake faɗin gaskiya. Da isarka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ɗora tafin hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga ka tayar da ita, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ka ce za ka dawo gobe, kada kowa ya taɓa makulli. Ko ba don yaudara ba ma, ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Murfin nan yana riƙe matsi wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, abin da ke sa ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka sassauta shi a lokacin, ruwan zai yi tsiri ya wanke maka fuska.

In ta huce, fara da farar gorar roba da ke gefen lagireto. Tana da layi biyu, F a sama, L a ƙasa, ruwan ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Kada ka tsaya nan, domin cika gora aikin minti ɗaya ne. Buɗe murfin lagireton kansa (a wasu masu dizal murfin yana kan gorar ne), ka haska da tocila. Ruwan ya zo har wuya. Na Toyota na asali ja ne ko ruwan hoda; na ruwan hodar kamfanin ya ce yana kai kilomita 160,000 kafin canjin farko, daga nan duk 80,000. Kore ma ba laifi in dai garau yake. Abin gudu shi ne ruwan ƙasa-ƙasa mai tsatsa, alamar shekaru ana ɗura mata fiya wata da ruwan burtsatse. Irin wannan ruwa yana barin farin dutse a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda yake yi wa butar shayi, yana cinye fukafukan famfon ruwa, ranar da rana ta kai arba'in da wani abu a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu sai motar ta nuna maka halinta. Tsoma yatsa, ka shafa bayan murfin. In ka ga maiƙo yana yawo, ko wani kauri kamar madarar da ta lalace, mai da ruwa sun haɗu. Zaro sandar awon baƙin mai, buɗe murfin da ake zuba shi, in can ma launin shayi da madara ne, ka yi sallama ka kama hanya. Mai sha'awar Nissan Frontier ta Amurka mai otomatik, ƙirar 2005 zuwa 2010, ya ƙara da duba man giya, domin an san su da fashewar bututu a cikin lagireto, ruwa ya shiga giya ya kashe ta.

Sannan a tayar da ita murfin yana buɗe, kai kana kallon ruwan. Motsi kaɗan ba komai. Kumfa da ke ta tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, musamman in aka taka totur, iskar silinda ce ke kutsowa ta gasket. Mayar da murfi, matsa babban tiyon sama; in ya yi tauri kamar tayar keke cikin minti ɗaya ko biyu tun injin bai yi zafi ba, labarin ɗaya ne. Ka zagaya bayan salansa ka shaƙa: farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi-zaƙi da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, kulant ne, wato ruwan sanyaya inji, ke ƙonewa.

Yanzu ga inda 'yan damfara suke cin kasuwarsu, kuma wallahi sun ƙware. Injin da aka wanke fes aka shafe da mai yana ƙyalli, ni tsoro yake ba ni, domin sawun yoyo ake gogewa. Na fi son in tarar da ƙurarsa. Akwai masu fasa ɗanyen ƙwai ko su zuba garin barkono a lagireto ya toshe huda na kwana biyu, akwai masu zuba maganin toshe yoyo na kwalba, wanda ke barin ƙyalli-ƙyalli ko gudaji a wuyan lagireto. Duba saman lagireton, baƙar robar nan, ko an liƙe tsaga da gam an shafa baƙin fenti. Tambayi ko tamostat yana ciki. Bakanikenmu da yawa suna cire shi su jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne: aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, yana buɗewa wajen digiri 82, kuma galibi ana cire shi ne don a rufe wata cuta da ba a so a kashe wa kuɗi. Haka fankar da aka ɗaure ta tana gurnani tun daga tayarwa. Allurar zafi kuma ka sa mata ido a gwajin tuƙi: cikin minti goma ya kamata ta taso ta tsaya wajen tsakiya. Wadda ba ta motsa ba sam, ka tuna da masarata. A kunna AC, a hau gada ko tudu, a tsaya a cunkoso minti goma sha biyar. Mai motar da ya ce mai ya yi tsada, saya masa lita biyar.

Ko bayan ka saya ba ka tsira ba, domin jabun kulant ya cika kasuwa, ruwa ne da kala a jarka mai kyan tambari. Gwajinsa ba wuya: zuba kaɗan a roba ka sa a firiza ya kwana. Na gaske da aka haɗa rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 35 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa ba ta kaiwa can. In ka wayi gari ka tarar da ƙanƙara mai launi, an cuce ka. A yi hattara, guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi, kada kuma robar ta koma kicin.

Murfi na biyu na man fawa ne, wato man sitiyari, 'yar ƙaramar gora da tiyo biyu ke fita daga jikinta, ɗaya zuwa famfon sitiyari. Tana da awo biyu, COLD da HOT. Tunda da safe ka zo, na COLD ne naka. Hilux man giyar otomatik take sha a nan, ATF irin Dexron II ko III, don haka ja ya kamata ka gani. Ɗiga shi a farar takarda. Baƙi mai ƙauri ya gaji. Mai kauri kamar zuma kuwa wani ne ya zuba man giya ko baƙin mai don yoyo ya lafa, famfo ya yi shiru. Mafi muni masu ɗiga man birki wai roba ta kumbura ta toshe. Tana kumbura ɗin, bayan sati biyu ta narke gaba ɗaya. Inji yana aiki, murza sitiyari ƙarshen dama, ƙarshen hagu, kada ka danne shi a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu. Kuka kamar na kyanwa, ko kumfa a cikin gorar, famfo ne ke jan iska ko yake kan hanyarsa. Sai ka durƙusa ka matsa robobin nan masu kama da zugazugi a gefe biyu na rak, wato sandar da ke karkata tayoyin gaba. Busassu ya kamata su kasance. In mai ya tsiyayo, sa kuɗin rak cikin ragin da za ka nema. Ranger da aka sabunta daga 2015 galibi sitiyarin lantarki gare ta, kada ka wahalar da kanka neman gora.

Tunda kana durƙushe a wurin, duba ko juyayyen sitiyari ne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma ana shigo da Hilux masu sitiyari a dama daga Tailan da Ingila da Japan, a mayar da shi hagu a gareji. Wani juyin an yi shi da kayan asali, wani kuwa walda ce da tiyon da aka yi wa ƙari da kilif. Alamunsa: waifa na sharewa ta ɓangaren fasinja, maɓallin buɗe bonet yana dama, dashbod bai zauna daidai ba, ga tabon walda a bangon da ke tsakanin inji da ƙafar direba. Motar da za ta ɗau tan guda ta yi gudu a hanyar Gusau, ba na yarda a ce sandar sitiyarinta mai walda ne ya haɗa.

Mun je da ƙanin nawa ganin Hilux ɗin ranar Talata, ƙarfe bakwai saura. Bonet sanyi ƙalau, na ji daɗi. Man fawa ja, rak a bushe. Ruwan lagireto ne dai launin ƙasa, tamostat kuma babu, amma ba kumfa, ba maiƙo, allura ta hau ta tsaya inda ya kamata har muka je Kwanar Dawaki muka dawo da AC a kunne. Dillalin ya ce: "Ranka ya daɗe, kai bakanike ne?" Na ce a'a, ɗan makaranta ne da ya biya kuɗin karatu da tsada. Mun sa an rage kuɗin sabon lagireto da famfon ruwa da tamostat, daga wurin kuma gareji muka wuce da ita kai tsaye. Navarar har yanzu ƙanin nawa yana turo mini hotonta, wai ta fi kyan fitila.